Ƙasar Gonar Mutane

Shekarar da na so zama dakta ban bar kowa ya huta ba. Ina koyar da aikin gona a wata sakandare a Bagudo, digirina na biyu yana kwance a akwati, sai malamin da ya duba bincikena a jami'a ya kira ni. Ya ce akwai gurbi ɗaya na binciken digiri na uku a kan ƙasar fadamar shinkafa, masu nema kuma da yawa. Wanda ya fara kawo samfurin ƙasar da aka ɗiba kafin kogi ya cika, shi za a ɗauka.

Ni dama gaggawa a jinina take. Washegari na hau babur sai Kaoje. Kwana uku ina faɗawa gonakin mutane ba sallama, in tona, in ƙulla a leda. Don kada su cakuɗe, kowane ƙulli na rubuta masa sunan mai gonar. A ganina na iya tsari.

Rana ta huɗu kawuna, wanda na sauka gidansa, ya sa aka kira ni. Zaure cike da manoma, ledojina a tsakiya, wani maƙwabci yana karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗana," in ji kawu, "wanga aiki boko na ko tsibbu na? Ka ɗebi ƙasam mutum, ka rubuta sunanai, ka ƙulle. Mi kaka so a ce?"

Sai a lokacin na gane kuskurena. A nan na girma, na san mai ɗibar ƙasar gonar wani a ɓoye zarginsa ake yi da kwashe albarkarta, amma ɗoki ya mantar da ni. Na yi ta bayani har bakina ya bushe. Kawu ya yanke hukunci: kowace ƙasa ta koma inda ta fito, a gaban mai ita, kuma kada in sake tona ko'ina sai na gama.

To, wannan manomi ya ƙetara iyaka cin kasuwa a Benin, wancan ya tafi ta'aziyya. Ina zarya, ina leƙen kogi, ga haushin kaina ya hana ni cin abinci. Haka mako guda ya wuce.

Na ƙarshe wani dattijo ne. Na zazzage masa ƙullinsa a bakin gona, ya yi murmushi.

"Malam, da ka yi sallama ka roƙa, amalanke guda zan cika maka."

Na ce, "To, Baba, yanzu na roƙa."

Ya juya ya dubi gonar. Ruwa ya riga ya shiga, har ya kai gwiwa.

"Allah shi kai mu rani," in ji shi.

Kwana biyu bayan nan malamina ya kira, ya ce an ba wani gurbin.