Kaka Gulam Da Yatsunsa Huɗu

Duk wanda ya zauna a unguwar Pantai Dalam, can ƙasar Malay, lokacin da muke karatu ya san Kaka Gulam, tsohon nan ɗan Afganistan mai gasa gurasa a ƙasan benenmu. A wurinsu "kaka" na nufin baffa, mu kuwa muka ga ya dace da furfurarsa, muka riƙe. Kun tuna in aka tambaye shi ƙabilarsa? Sai ya ɗaga yatsu huɗu duk gari, ya ce cikin Larabcinsa mai ɗingishi, "Ubana Fashtun, uwata Tajik, wadda ta shayar da ni Uzbek, matata Hazara. Wanne zan yanke?"

Faɗa da Fashtanci yake yi, lallashi da Dari na 'yan Tajik, ciniki da Uzbek, ko da kuwa mai kifin kasuwar Chow Kit ne da bai taɓa jin yaren ba. Abin da ya koya na Malay bai wuce "lah" ba, ita yake liƙa wa kowanne.

Ranar da ya ji na ce wa mai ɗakina ta miƙo shayi, tsalle ya yi, don su ma kusan haka suke kiransa. "Shayi? Duniya fa?" Na ce duniya. "Alƙalami?" Na ce alƙalami. Ya rungume ni ya ce, "Wallahi Hausawa ƙabilarmu ce da ta ɓata!" Na ce, "Haba Kaka, daga Larabci muka aro." Ya ce, "Su Larabawan a ina kake jin suka samo, lah?"

Kai, Kaka da taurin kai! Wasu 'yan ƙasarsu biyu, Fashtun da Hazara, ko gaisawa ba sa yi. Ya gayyace su cin abinci, ya juye shinkafa a faranti ɗaya. Suka nemi na biyu. Ya ce, "Yaƙi ya fasa sauran." Ga farantai nan jibge a bayansa, kowa na gani! Haka suka ci, kowa na hararar lomar ɗan'uwansa.

Yaren matarsa ne kaɗai ba mu taɓa ji a bakinsa ba. Na taɓa tsokanarsa, na ce ko ya fi ƙarfinsa ne? Ya ci gaba da murza ƙullinsa.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, duk sauran yarukan suka gudu suka bar shi da na matarsa. Magana ɗaya yake ta nanatawa, ba mai ganewa. Muka samo wata dattijuwa Hazara da ta san shi tun a gida. Ta saurara, sai ta rufe fuska da mayafi. Ta ce a shingen 'yan bindiga aka sauke matarsa daga mota, saboda harshenta ya tona ƙabilarta, bai sake ganin ta ba. Na ce, "To Hajiya, me yake cewa?" Ta ce, "Cewa yake: ki yi shiru, ni zan amsa musu."

Kafin la'asar ya cika. Muka kai shi makwancinsa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, a ƙasar da ba tasa ba, ba tamu ba.

Allah Ya jiƙan Kaka Gulam, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya haɗa shi da matarsa a inda ba mai tare hanya.