Saura Wasa Ɗaya, Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha bakwai ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, mai gyaran firji, wanda duk unguwa ta fi sani da Koci, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ina cikin aji ina rubutu a allo matarsa ta kira ni. Ba ta iya cewa komai ba sai sunana, ta sake maimaita shi. Na ajiye allin na fito, har yau ban san ko na sallami ɗaliban ba.

Yaya, tun ranar nake so in rubuta wani abu a kanka, na kasa. Duk lokacin da na zauna, abin da ke fara zuwa mini abu ne da mutane za su yi wa dariya, wato wasan kwamfuta. Magidanci mai furfura a gemu, mai 'ya a jami'a, a ce abin da ƙaninsa ya fi tunawa da shi wasa ne. To, su yi dariyarsu. Wanda ya zauna da kai ya san ba a ba da labarinka a tsallake wannan.

Ga wanda bai sani ba, ba irin wasan da ake buga ƙwallo da yatsu ba ne. Mutum shi ne kocin ƙungiya. Ya zaɓi 'yan wasa, ya tsara inda kowa zai tsaya, ya ɗauko wannan ya sallami wancan, ya lallashi mai fushi, ranar wasa kuma ya koma gefe ya zuba ido kamar kowane koci. Sauran mutane manyan ƙungiyoyi suke ɗauka, masu taurari, su yi ta kwasar kofuna suna cika baki. Kai kuwa sai da ka gangara can ƙasa ka tsinto wata 'yar ƙungiya da filinta bai fi harabar makarantarmu ba, wadda ko sunanta ban iya faɗa daidai ba, kai ma "yarana" kawai kake ce musu. Da na tambaye ka dalili, ka ce waɗancan ko ba kai za su ci, waɗannan ne ke bukatar mutum.

A bayan shago kake yi, kan murfin wata firiza da ta daɗe da mutuwa, tsakanin tukwanen gas da tarin wayoyin wuta. Tsohuwar laftof ce, fankarta na ƙara kamar za ta tashi sama. Idan rana ta take, aiki ya lafa, sai ka goge hannu da tsumma, ka jawo kujera, ka sa tabarau, fuskarka ta koma ta mutumin da aka damƙa wa amana. Na sha shigowa in same ka kana yi wa ɗan wasa faɗa a hankali, kamar yana jin ka. Matarka takan ce ita ba ta san da yara goma sha ɗaya aka aurar da ita ba, ban da na benci.

Doka ɗaya gare ka, kuma a kanta muka fi yin musu. Wasan yana barin mutum ya ajiye inda ya tsaya. Saboda haka kusan kowa, idan aka ci shi, sai ya kashe ba tare da ya ajiye ba, ya kunna, ya sake buga wasan har sai ya yi nasara. Kai ba ka taɓa yi ba. Ko an zura maka biyar, sai ka yi tsaki, ka danna ajiyewa, ka rufe. Na ce maka, Yaya, wa zai gani? Inji ne fa. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce: "Abin da ya faru ya faru, malam. In na goge yau, gobe ma zan goge, to nasarar ta wa ke nan?" Na ce ka cika taurin kai. Ka ce ai gado ne, ni ma in duba kaina.

Akwai kuma mai tsaron gidan ƙungiyarka, wanda ka laƙaba wa Tsoho. Shekarunsa a wasan sun ja, gudu ya tafi, tsalle ya ragu, mataimakinka na cikin kwamfuta kullum sai ya ba ka shawarar ka sallame shi ka sa wani matashi da ke benci. Ka ƙi. Ka ce shi ya tsare maka gida lokacin da ba ku da kowa, ba za ka jefar da shi don ya tsufa ba. Mu muna dariya, amma ba mu yi mamaki ba, domin a gaban shagon ga Baba mai walda zaune. Hannunsa ya fara rawa, walda ta gagare shi, duk wani mai shago da tuni ya ce masa Allah ya ba da lada. Kai ka ƙirƙiro masa aiki, ka ce shi ne mai duba duk firjin da za ta fita, ba a ɗaukar ko ɗaya sai ya sa kunne ya saurari injin ya gyaɗa kai. Ranar jana'izarka shi ne ya kasa tsayuwa, sai riƙe shi aka yi.

Haka kake da kowa. Matar da ke sayar da ƙanƙara a layin baya, idan firizarta ta tsaya, kai za ta kira, ka bar abinci a faranti ka tafi, don ka san ƙanƙara ba ta jira. Ni kuwa, da mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, kai ka riƙa zuwa makarantarmu da rigar aiki mai tabon mai, ka zauna a layin iyaye, kana tambayar malamai abin da ba ka ma gane amsarsa ba. Ba ka taɓa yi mini gori ba, ko a cikin wasa.

Da ciwon ya yi ƙarfi aka fara yi maka wankin ƙoda, sau biyu a mako. Ɗaki ne dogo mai gadaje a jere, kowane gado da injinsa, kowa ya kwanta ya zuba wa silin ido na tsawon sa'o'i, ba mai magana da wani. Ranar farko ka dawo ka ce shirun wurin ya fi allurar ciwo. Zuwa na biyu ka tafi da laftof. Hannun hagu yana ɗaure da robobi, sai ka ɗora ta a cinya kana sarrafawa da na dama, kuma ba ka iya wasa a ɓoye ba, dole sai ka yi sharhi. Kafin wata ya zagayo, ɗakin ya zama na magoya bayan yaranka. Wata dattijuwa da ke gadon kusa da kai, wadda kowa ke kira Iya, wadda ba ta taɓa kallon ƙwallo ba a rayuwarta, ita ce ke fara tambaya da ka shigo: "Koci, yaya ƙafar yaron nan, ta warke?" Nas ɗin ɗakin ta gaya mini akwai masu ƙin zuwa wanki a da, sai an yi ta roƙo, amma a ranakunka ba wanda ke fashi.

Kakar wasa ta bana ba ta yi muku daɗi ba. 'Yan wasa suka yi ta jin rauni, aka yi ta cin ku, ƙungiya ta gangara ƙasan teburi, inda ake faɗawa rukunin ƙasa idan kaka ta ƙare. Kai ma a lokacin jikin yana ja baya, ƙafafu sun kumbura, wuya ya rame. Ina ganin abin da nake gani ina kawar da kai. Wata rana a hanyar komawa gida na ce, Yaya, ko sau ɗaya ka sake buga wanda aka ci ku, mutanen ɗakin nan su ji daɗi. Sai da muka wuce shataletale, sannan ka ce waɗannan mutanen sun fi kowa sanin ba a sakewa, ba za ka yi musu ƙarya ba. Ka ce abin da kake roƙo kawai Allah ya kai ka ƙarshen kaka, ka ga yaranka sun tsira.

Kuma ka kusa. Da maki ɗaya ɗaya ka riƙa jawo su, kunnen doki nan, nasara da ƙyar can, har ya rage wasa ɗaya, wanda ko canjaras kuka yi kun tsira. A wankinka na ƙarshe ka zauna ka tsara komai, ka jera 'yan wasa, ka sa Tsoho a raga. Kowa a ɗakin yana jira. Sai ka lumshe ido ka ce ka gaji, ba za ka shiga wasa irin wannan kana gyangyaɗi ba, a bari sai zuwa na gaba. Iya ta yi ta mita ta ce ka ja musu rai. Zuwa na gaban shi ne Talatar nan.

Bayan mutane sun ragu, matarka ta miƙo mini laftof ɗin a jakarta, ta ce ba ta iya ganinta a ɗaki. Na kai ta gida na ajiye a saman kabad ban buɗe ba. Sai nas ɗin nan ta kira ni ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce in yi haƙuri da abin da za ta faɗa, amma Iya ta dame ta da tambayar yadda yaran Koci suka ƙare, kuma ba ita kaɗai ba.

Muka je, ni da babbar 'yarka. An riga an ba wani gadonka, wani mutum da bai san ka ba, ya yi ta kallonmu. Na jawo kujera tsakiyar ɗaki na buɗe, fankar ta tashi da ƙararta, na ji kamar ƙirjina zai tsage. Komai yana nan yadda ka bari. Ban taɓa ko ɗan wasa ɗaya ba, dannawa kawai na yi, 'yarka kuma ta riƙa faɗa wa na nesa abin da ke faruwa, da irin muryarka, har da tsakin.

Yaya, sun yi ƙoƙari. Wallahi sun yi. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Tsoho ya kaɗe wata ƙwallo da ban san yadda ya kai gare ta ba, wani mutum a gadon ƙarshe ya ɗaga hannu har injinsa ya yi ƙara, nas ta daka masa tsawa tana dariya. Na fara cewa a raina shi ke nan, an yi. Ana dab da tashi aka bugo kwana, Tsoho ya fito ya yi tsalle, tsallen bai kai ba. Ɗaya da nema. Alƙali ya hura, yaranka suka faɗa.

Na dubi allon, na dubi maɓallin kashewa. Ba a ajiye ba tukuna. Dannawa ɗaya, wasan nan bai faru ba, in sake, in sa matashin a raga, in ba mutanen nan abin da suka jira, in ba ka abin da ka roƙa. A rayuwata ban taɓa son goge wani abu kamar yadda na so a lokacin ba, kuma na san ba wasan kaɗai nake son gogewa ba. Yatsana yana kan maɓallin 'yarka ta dafa mini hannu. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Baba ƙarami, ajiye."

Na ajiye. Iya ta share ido da gefen mayafinta ta ce, "Allah sarki Tsoho, ya yi iyakar yinsa."

Ina shirin rufewa sai saƙo ya fito daga masu ƙungiyar, irin wanda wasan ke aiko wa koci a ƙarshen kaka. Na ɗauka kora ce, don haka aka saba yi wa wanda ya faɗa. 'Yarka ta karanta a fili. Suka ce sun ga yadda ka riƙe ƙungiyar a shekara mai wuya, 'yan wasa suna tare da kai, suna fatan za ka zauna ka dawo da su. A ƙasa ga tambaya, za ka ci gaba da su kaka mai zuwa, e ko a'a. Nan ne na kasa. Na kifa kaina a kan gwiwa a gaban marasa lafiya na yi kukan da ban yi ba ranar da muka kai ka.

Ban danna ko ɗaya ba, Yaya. Ba ni aka tambaya ba. Laftof ɗin tana wurin 'yarka yanzu, tambayar tana nan a buɗe yadda suka aiko ta.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Bai yi ha'inci ba ko a inda ba mai ganinsa sai Kai, bai yar da wanda ya tsufa ba, ya ɗebe wa marasa lafiya kewa alhali shi ma yana cikin ciwo. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta yi jinya ba ta taɓa ƙosawa ba, da 'ya'yansa, da 'yan'uwanmu, da Baba mai walda da har yanzu yake zuwa ya zauna a ƙofar shagon da ke rufe, da Iya da duk mutanen ɗakin wanki, Allah ya ba su lafiya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, Koci, ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo. Amin.