Bijimin da Na Baro a Kasuwar Sara

Kangire zuwa Birnin Kudu

Ana idar da sallar asuba na hau bayan ɗan acaɓa na bar Kangire. Ɗaya daga cikin shanun huɗata biyu ya mutu, ga damina ta kawo kai, shi ya sa na sayar da riɗina na nufi kasuwar Sara neman abokin wanda ya rage. A tashar Birnin Kudu na sha koko da ƙosai a tsaye, na shiga wata tsohuwar bas.

Hanyar Sara

Mun tsaya a shingen 'yan sanda, direba ya miƙa abin da ya miƙa. Gaba kaɗan taya ta yi faci, muka zauna a gindin marke har hantsi ya yi. Da muka iso na tambayi direba inda kara take, wato wajen cinikin shanu.

"Bi ƙurar nan, Malam. Amma ka riƙe aljihunka, ka riƙe bakinka."

A kara

Ban yi nisa ba na gan shi: farin bijimi mai faɗin ƙirji, wuyansa da kantar karkiya, alamar ya san aiki. Mai shi wani dattijo ne, Baffa Sale, yana tsugune riƙe da igiya. Zuciyata ta riga ta saya. Abin da ya rage in duba haƙora, in ga tafiyarsa.

Ko gaisuwa ba mu gama ba wani dillali ya faɗo tsakaninmu ya cafke hannuna.

"Alhaji, ka yi sa'a! Taya!"

"Bari in ga takunsa tukuna."

"Wane taku? Mutum uku na jiransa. Taya kawai!"

Ya yafito wani, wanda na gani suna cin gyaɗa tare ɗazu, wai shi ma mai saye ne daga Kano. Dattijon ya buɗe baki zai yi magana, dillalin ya daka masa tsawa: "Baba, bar mini aikina!" Na sunkuya zan ɗaga kofato, ya janye ni. Kafin in ankara ya cusa mini igiyar a hannu yana ihu, "An sallama! Allah ya sa albarka!" alhali ban taya ko sisi ba. Mutane suka taru.

Na ce a raina, dabbar da ake hana ka dubawa, akwai abin da ake ɓoyewa. Na yar da igiyar. Ya biyo ni yana jan rigata har aljihun gaba ya yage, yana cewa dama ba saye ya kawo ni ba. Na zaga karar har la'asar, ban ga wanda ya kama ƙafar farin nan ba. Komawa kuwa na kasa, don dillalin na tsaye a wurin.

Komowa

A motar Birnin Kudu, wa zan tarar a kujerar da ke kusa da ni? Baffa Sale, igiya a naɗe a cinyarsa.

"Baba, an sayar ke nan?"

"Mahauta suka ɗauka, da kasuwa ta watse." Ya faɗi kuɗin. Bai kai kashi biyu cikin uku na abin da ke jikina ba.

"Yana da wata cuta ne?"

"Wallahi ko tari bai taɓa yi ba. Uwar 'ya'yana ce a asibiti, gobe za a yi mata aiki. Da ka tafi sai kowa ya ɗauka aibu ka gano." Ya shafa igiyar, ya ce, "Na so a ce gona ya tafi, ɗana. Ni na koya masa huɗa."

Muka iso Birnin Kudu. Na biya masa kuɗin mota, na raka shi ƙofar asibiti, na ce Allah ya ba ta lafiya.

Gida

Ana kiran magariba na shiga Kangire. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Maiɗakina Hauwa ta leƙa bayana, ta ga babu komai.

"Malam, ba a samu ba ne?"

"An samu," na ce. "Gobe da safe za a yanka shi."