Paparoma da Rumbun Iya

Kakata, wadda duk gidan muke kira Iya, ba gwanar tatsuniya ba ce, gaskiya dai a faɗe ta. A ƙauyenmu na bayan Tafoki mu Maguzawa ne da suka shiga Katolika, kuma ita ta fara bin Fada, limamin cocin, a danginmu. Da an gama tuwo sai ta jera masara a garwashi, mu kewaye ta. Shekarun da kuɗin mai suka shigo ne. Samari sun watse Funtuwa da Kaduna neman aiki, an bar tsofaffi da yara da gonakin da suka fi ƙarfinsu, shi ya sa kullum da gajiya take zama.

Kowa ya san abin da ke cin ta, ba a dai faɗa. A rikicin da ya zo kafin yaƙin basasa, ta ɓoye matar wani kafinta Ibo da jaririyarta cikin rumbun dawa. Shi kuwa kafintan, a gabanta aka ja shi a kasuwa. Ya kira sunanta, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da auna gyaɗa. Tun daga ranar take neman wanda zai ce mata ta yi daidai, ko ya ce ba ta yi ba.

Ina jin shi ya sa ta riƙe labarin Paparoman zamanin yaƙin duniya na biyu. A bakin Fada ta ji shi, ta mayar da shi tatsuniya. Wai wani tsoho ne mai farar riga, yana da murya da duk duniya ke ji. Sai kuraye suka cika garinsa suna kwasar Yahudawa. Tsohon ya sa aka buɗe ƙofofin baya na coci-coci ana shigar da mutane a ɓoye, amma bai taɓa hawa katanga ya kira kurayen da sunansu ba. Nan labarin ke tsayawa, ba daɗi ba dariya. Sai ta dungure ni ta ce, "To maigidana, mi ka gani? Tsohon ga ya yi daidai?" Ni masara nake jira, duk amsar da za ta kawo ta hannuna ita nake bayarwa.

Wata shekara Baba Bitrus, ƙanen mahaifina, ya zo hutu daga jami'a a Zariya, da wandonsa mai faɗin ƙafa da bakinsa da ba ya gajiya. Ya saurara har ƙarshe.

"Iya, Fada bai hwaɗa maki duka ba," in ji shi. "Masu karatu da yawa sun ce tsoro ne. Wanda anka kwashi mutane gabanai ya kame baki, ai da shi anka yi."

Iya ta daɗe tana juya masara ɗaya har ta ƙone.

"In ya yi magana su zo su buɗe rumbun hwa?" ta ce.

Rumbu ta ce, ba coci ba. Baba Bitrus ya ji, mu ma muka ji.

"Na gaji, Bitrus. Kai da kay yi karatu, raba mani."

Bai iya ba. Ta rasu ba wanda ya raba mata.

Da na girma na karanta masu wanke Paparoman da masu zarginsa, kuma har yau ba su gama ba. Na daɗe a ɓangaren Baba Bitrus, don hukunci ba ya wuya ga wanda ba shi da kowa a hannun mugu. Yanzu ina Kaduna, ƙanwata kuma tana aure a wani ƙauyen Sabuwa. Na san mutumin da ke nuna wa 'yan bindiga hanya a can, aji ɗaya muka yi da shi, kuma ya san ƙofar gidanta. Kwanaki a taron 'yan garinmu aka ce duk wanda ya san wani abu ya faɗa. Na zauna ina kallon takalmina har aka tashi.

Ƙanwata da 'ya'yanta suna nan lafiya. A satin da ya biyo bayan taron aka ɗauke wani tsoho a ƙauyen da ke gaba da nasu, kuma shi ma na san sunansa.