Takin lambun Madam

Shekarun baya can, lokacin ina sayar da salak a kasuwar Hédzranawoé da ke Lome, wasu Turawan mishan suka kama hayar wani gida mai fili a bayan layinmu na Zongo: miji da mata da 'ya'yansu mata biyu. Aikin lambu ya kawo su. Matar, kowa Madam yake ce mata.

Rayuwarsu ba ta Turawa ba ce yadda muka sani. Da sassafe sai su yi waƙar addu'arsu, mijin ya hau jan ruwa a rijiya, don rairayin Lome ba ya riƙe ruwa. Kafin azahar ya yi jajir kamar tattasai. Madam kuwa tana wanki da hannu tana yi wa yaran karatu. Ta koya wa zawarawan unguwa shuka latas a cikin buhu. Ni ce babbar mai sarin kayan lambunta, har muka shaƙu da ɗan guntun Faransancina. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba.

Wata safiya na tarar ana sauke buhunan taki a ƙofarta, warin kuma ba na kaji ba ne, ba na shanu ba. Na tambaye ta. Da fara'arta ta ce kashin alade ne daga unguwar Avédji, ai babu takin da ya kai shi. Ko a jikinta. Ba ta san abin da ta faɗa ba.

Na yi murmushi, na ɗauki kwandona na fita. Ni da bakina ba ya gajiya a kasuwa, ranar na kasa ce mata kalma ɗaya. Sai da na isa gida bakin ya buɗe: na faɗa wa maƙwabciyata, na ce kada ta faɗa wa kowa.

Kafin Juma'a maganar ta zama wai da gangan Turawan suke ciyar da Musulmi alade. Zawarawan suka juye buhunansu a kwata suna kuka. Aka daina amsa gaisuwar Turawan, aka hana yara wasa da 'ya'yansu. Wasu samari suka tattake lambun, mai gidan hayar kuma ya ce wa Turawan su tashi ƙarshen wata.

Maigidana ya je ya tambayi malaminsa. Malam ya ce abin da ƙasa ta tsirar, a wanke shi a ci, babu laifi. Amma a lokacin babu mai sauraro.

Ranar da za su tafi Madam ta zo ƙofar ɗakina. Ta rame. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"'Yar'uwa," ta ce, "ni ba ki iya faɗa mini ba? Kashin kaji yana nan da yawa. Da a ranar za mu canja."

Na sunkuyar da kai. Ta ɗan jira, sannan ta tafi.

Har yau abin yana cina. Na daɗe ina ce wa kaina kunya ce ta hana ni magana, amma kunyar ba ta hana ni faɗa wa maƙwabciya ba. Ban san ƙasar da suka koma ba, balle in nemi gafara. Filin yanzu bola ake zubarwa a wurin, kuma ta nan nake bi kullum in zan tafi kasuwa.