Akwatin da Ake Juya wa Inna

Bayan rasuwar Baba, Inna ta rasa abokin hira. Gidanmu na Zongo cike yake da mutane, amma in ta yi wa jikoki Hausa sai su amsa da Faransancin da suke koyo a lekol, mu kuma mu gauraya mata da yaren Mosi, mutanen garin. Ta koma yini a tabarma ba ta cewa uffan. Abin ya tsorata ni.

Akwai wata Kirista 'yar Mosi da ke haya a ɗakin bakin ƙofa. Ran nan ta dawo daga coci da akwatin kaset wanda ba ya cin batir, hannu gare shi kamar injin taliya. In an juya, wani mutum ya kama karanta Linjila da Hausa. Ita kanta Hausarta ba ta wuce ta cinikin tumatir ba.

Ta durƙusa gaban Inna, ta juya. Inna ta kasa kunne, can ta ce, "Wannan ɗan mutunci ne. Haka ubana yake magana."

Daga nan kullum da hantsi sai an juya mata. In hannun matar ya gaji, mutumin ya soma jan murya, Inna ta ce, "'Yata, ƙara ƙarfi, zai yi barci." Ana kiran azahar take sallamar su duka biyun ta jawo buta. Matar tana ganin saura kaɗan ta yi kamu, Inna ta bi ta coci. Inna kuwa sai ƙorafi take, wai mutumin ba ya tsayawa a gaisa.

Yayana ya zo daga unguwar Dapoya a fusace, ya ce ba za a ƙara kunna wannan abu a gidan Musulmi ba.

"To zauna, kai ka yi mini hirar," in ji Inna.

Ya zauna, ya gyara murya. Kafin ya kai ƙarshen gaisuwa ya jefa Faransanci. Inna ta aika a kira mai akwati.

Da kalmar shahada Inna ta cika. Ranar sadakar bakwai matar ta kawo mini akwatin a ƙunshe cikin zane, tana kuka, ta ce ba ta da wanda za ta juya wa.

Na ajiye shi saman kwaba, na manta da shi shekara da shekaru. Bara na sauko da shi. Jikokina kan tsaya bakin ƙofa su tambaye ni da Faransanci me mutumin yake cewa. Ni nake juya wa kaina.