Sarƙar Ganye ta Kawu Muntaka

Kawu Muntaka, wan mahaifiyata, maƙerin zinariya ne a unguwar Djamboutou da ke Garwa, kuma ban taɓa ganin ya gama shan shayi a zaune ba. Ya buɗe shago a Maruwa, ya rufe. Ya yi shekara huɗu a Ngawundere kusa da tashar jirgin ƙasa, ya ce ƙara ta ishe shi, ya dawo Garwa.

Yana saurayi, matar wani Bafaranshe mai aikin auduga ta kawo masa abin wuyan kakarta ya gyara maɗaurin. Duwatsu ne kore da ja da shuɗi, an sassaƙa su kamar ganye da 'ya'yan itace. Kwana biyu kacal abin ya yi a hannunsa. Ya zana shi a bayan kwalin sukari, ya shekara yana goge fasassun kwalabe har ya iya fitar da ganyen. Matan gari suka sa wa sarƙarsa suna 'yar Indiya. Shi kuwa ya dage 'yar Faris ce, ai da idonsa ya ga mai ita.

Irinta goma sha ɗaya ya ƙera. Amma zinariya a garinmu ba ta tsufa da kama ɗaya, yayi na sauyawa sai a kai ta wuta. Goma sun narke a hannun wasu maƙeran. Ta ƙarshen ce Raihana, 'yar maƙwabtanmu, ta kawo masa bana. Gadon mahaifiyarta ce, tana so a mayar mata da ita samfurin Dubai kafin sunan ɗan yayarta.

Sati biyu yana mata hanya-hanya. Yau gawayi ya jiƙe, gobe ma'auni na wasa.

Lokacin na gama karatun tarihi ina zaman gida, nakan wuni a shagonsa saboda can ba mai sa ni magana. Wata rana na yi ƙarfin hali na nuna masa hotuna a wayata. Na ce kusan shekara ɗari da suka wuce sarakunan Indiya sun riƙa kai duwatsunsu Faris a sake musu zubi, maƙeran can kuma suka ɗauki sassaƙar ganyen da haɗin launin. Ke nan da shi da matan gari ba wanda ya yi kuskure. Na zaci zai ji daɗi. Abu ɗaya ya tambaya: ina tsohon aikin da maƙeran Indiya suka yi? Na ce yawanci an kwance shi. Ya tashi ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya sake komawa.

Washegari Raihana ta zo, ko zama ba ta yi ba.

"Baba Muntaka, wuyana fa ba gidan tarihi ba ne. In ba za ka yi ba, ka faɗa min."

"Kai wa Jérôme maƙeri a kasuwa. Shi ba ya jin tausayin komai."

Ta ɗauki abinta ta tafi. Ya share shagon da aka riga aka share. Ya buɗe durowa ya rufe. Can ya fara mita: Jérôme da gas yake aiki, ba zai tsaya cire gilashin ba, haka zai watsa ta a wuta ganyen su tarwatse. Kafin la'asar ya tare ɗan acaɓa, ya nufi kasuwa.

Ya dawo da sarƙar a aljihun rigarsa. Ya zauna, ya sa awartaki yana ɗaga haƙoran zinariyar ɗaya bayan ɗaya, ganyen na faɗowa a tafin hannuna. Ashirin da uku ne. A kan wasu ana ganin inda hannunsa ya zame tun kafin a haife ni. Ya zuba zinariyar a kasko, ya ja zugazugi da kansa.

"Kawu, me zan yi da su?"

"Ki tambaye ni gobe, 'yar boko. Yanzu matsa, kina tare min haske."